Ɓawon Itace ko Gansakuka: Wanne Ya Dace da Mai Fara Renon Okid na Phalaenopsis?

Okid na Phalaenopsis, wato wani furen ado da ake reno a tukunya, idan zai mutu a hannun mai fara reno, galibi daga saiwa yake fara mutuwa, kuma sai ɓarnar ta yi nisa kafin ganye ya nuna alama. Mai shukar zai ga ganye ya yi laushi ya yamutse, sai ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, alhali saiwoyin da za su sha ruwan sun riga sun ruɓe a cikin tukunya. Shi ya sa a shekarar farko, tambayar abin da za a zuba wa saiwa ta fi tambayar taki nauyi nesa ba kusa ba. Abubuwa biyu ne suka mamaye wannan fage: gutsattsarin ɓawon itace, da busasshiyar gansakuka ta sfagnum. Dukansu suna raya shukar, har manyan gonakin duniya sun rabu biyu a kansu, amma kuskuren da ɗaya zai shanye ba tare da wata illa ba, ɗayan zai iya kashe shuka a kansa, kuma a nan gizo ke saƙar.

Kafin a kwatanta su, ya kamata a san abin da saiwar ke nema. Asalin wannan shuka dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, daga Filifin da Indunusiya da Taiwan har zuwa arewacin Ostiraliya, kuma a 1825 ne masanin tsirrai Carl Ludwig Blume ya raɗa wa jinsinta suna. A waɗannan dazuzzuka yawancin ire-irenta ba a ƙasa suke tsirowa ba. Suna maƙale ne a jikin rassa da kututtukan itatuwa, saiwoyinsu a fili, ruwan sama yana jiƙa su, iska kuma tana busar da su ba da jimawa ba. Shukar ba ta tsotsar komai daga itacen, wurin zama kawai ya ba ta. Kowace saiwa tana lulluɓe da wata fata mai kama da soso wadda masana ke kira velamen, tana zuƙe ruwa nan take, kuma ita ce ke sa saiwar ta yi launin azurfa idan ta bushe, ta koma kore shar idan ta jiƙe. Sai dai Phalaenopsis ba ta da kumburarren kara na ajiyar ruwa irin na 'yan'uwanta Cattleya da Oncidium, duk tanadinta yana cikin ganyayenta masu kauri da cikin saiwoyin kansu. Ke nan buƙatu biyu ne masu jan juna: saiwar ba ta jure zama cikin ruwa babu iska, shukar kuma ba ta jure dogon fari. Ƙasar lambu tana toshe iska gaba ɗaya, don haka ba a ma kawo maganarta. Ɓawo ya fi karkata wajen iska, gansakuka ta fi karkata wajen danshi.

Ɓawon itace

Ɓawon da ake sayarwa domin okid yawanci na itacen fir ne, ko na Pinus radiata da ake nomawa da yawa a Niyuzilan, an daddatsa shi an tankaɗe gwargwadon girma. Babbar shuka tana son matsakaici, wato gutsuren da ya kai kimanin santimita 1 zuwa 2, ƙanana kuwa na 'yan tsirai ne masu siraran saiwoyi. Tunda gutsattsarin ba sa mannewa da juna, akwai ramuka da yawa a tsakaninsu, ruwa yana ratsawa ya fita ta gindin tukunya, abin da ya rage sai ɗan danshi a jikin ɓawon da iska mai laima a cikin ramukan. Wannan shi ne yanayin da ya fi kusa da na reshen itace. Amfaninsa ga sabon mai reno a fili yake, domin idan ɗoki ya sa ya ba da ruwa kwana biyu kafin lokaci, ɓawon ba zai riƙe fiye da ƙarfinsa ba, kuma saiwar za ta ci gaba da samun iska. Haka nan shayarwar ba ta buƙatar awo: a kai tukunyar ƙarƙashin famfo a sakar mata ruwa mai ɗan ɗumi har ya ratsa ko'ina, ko a tsoma ta cikin ruwa na minti 10 zuwa 15, sannan a ɗaga ta tsane sarai kafin a mayar da ita mazauninta.

Ɓawo yana da aibunsa guda biyu, ɗaya a farkon rayuwarsa, ɗaya a ƙarshenta. Sabon ɓawo ba ya karɓar ruwa da sauƙi, ruwan yakan zame a jikinsa ya wuce, shi ya sa ake jiƙa shi ya kwana kafin a yi amfani da shi, kuma duk da haka a makonnin farko yakan bushe cikin kwana uku ko huɗu, har sai ya saba da shan ruwa. Wanda bai san da wannan ba zai ci gaba da shayarwa sau ɗaya a mako, ya ga ganye yana yamutsewa, ya ɗora wa ɓawon laifin da ba nasa ba. Aibu na biyu ya fi haɗari domin a ɓoye yake zuwa. Bayan kimanin shekara biyu, ƙwayoyin halitta masu ruɓar da itace za su mayar da gutsattsarin gari, ramukan iska su toshe, abin da ke cikin tukunya ya koma riƙe ruwa kamar ƙasa, mai shukar kuwa yana nan a kan tsohon tsarinsa na shayarwa. Ana gane haka idan an murza gutsure ɗaya ya marmashe tsakanin yatsu, ko tukunyar ta fara warin ƙasar da ta jiƙe, ko ta daina yin sauƙin ɗauka bayan mako guda. Ɓawon Pinus radiata mai tauri ya fi na fir daɗewa, amma shi ma ba na har abada ba ne.

Gansakuka, da dalilin da ya sa ake yawan sayo okid a cikinta

Gansakukar da ake nufi a nan ita ce mai dogayen zare, wadda ake girbewa a fadamun ƙasashe irin su Niyuzilan da Cile a busar. Kada a rikita ta da baƙin garin fit da ake haƙowa daga ƙarƙashin irin waɗannan fadamu, wanda ragowar gansakuka ne da ta daɗe da ruɓewa, kuma yana toshe saiwar okid. Sfagnum mai kyau yana iya riƙe ruwan da ya ninka nauyinsa wajen sau 20, kuma yana rarraba danshin daga zare zuwa zare, ta yadda kowace saiwa ke samun rabonta. Tukunyar da za ta bushe cikin kwana biyar da ɓawo tana iya kai kwana goma ko makonni biyu da gansakuka. Sabbin saiwoyi suna son ta ƙwarai, suna shiga cikinta da sauri su yi kauri, kuma shuka a cikinta takan yi ganye mai ƙiba idan mai ita ya iya hannunsa.

Mutum zai iya cewa tunda ƙwararrun manoma sun zaɓe ta, ai magana ta ƙare. Ba a nan take ba. Taiwan na cikin manyan masu fitar da Phalaenopsis a duniya, kuma manomanta a gansakuka suke reno. A 2004 hukumomin aikin gona na Amurka suka amince a shigo da shukar daga Taiwan tana cikin abin da aka rene ta, ba sai an tuɓe saiwoyinta ba. Shukar da za ta yi makonni a cikin kwantena a kan teku, babu haske babu mai ba ta ruwa, tana buƙatar abin da zai riƙe mata danshi ya kuma hana ta girgiza, shi ya sa ake cusa gansakukar da ƙarfi har ta zama dunƙule mai tauri. A gidan renon tsirrai inda zafi yake kusa da digiri 28 a ma'aunin Salshiyos, fankoki suna kaɗawa dare da rana, haske ya wadata, ma'aikata kuma sun san nauyin tukunyar da ta bushe, wannan dunƙulen yana aiki lafiya lau. A ɗakin zama kuwa, inda haske ya ragu, iska ta tsaya cik, kuma an saka tukunyar cikin wata ta ado marar huda, dunƙulen nan yana iya zama jiƙe a tsakiya har makonni uku. Manoman Holan, waɗanda su ma suna cikin manya a wannan sana'a, galibi ɓawo suke amfani da shi, abin da ke nuna cewa zaɓin gona ya dogara ne da tsarin aikinta da nisan kasuwarta.

Babbar matsalar gansakuka ga sabon hannu ita ce samanta yana yaudara. Za a taɓa sama a ji ya bushe ƙamas, amma idan aka soka tsinken katako har tsakiya aka bar shi 'yan mintuna, sai ya fito da sanyi da duhun danshi. Wanda ya bi abin da yatsansa ya gaya masa ya ƙara ruwa, a hankali saiwoyin tsakiya za su yi launin ƙasa, su yi laushi, idan an matsa sai fatar ta saɓule ta bar siririn zare a ciki. A ɗaya ɓangaren kuma, idan tsoron ruɓa ya sa aka bar ta ta bushe ƙurmus, takan ƙanƙance ta janye daga bangon tukunya ta ƙi karɓar ruwa, sai ruwan ya bi gefe ya zube, tsakiyar tana nan a bushe. Saboda haka shayar da gansakuka aiki ne na awo. Ba a tsoma ta a ruwa kamar ɓawo. Ana jira sai tukunyar ta yi sauƙi a hannu kuma gansakukar ta yi ɗan ƙara idan an danna ta, sannan a zuba ruwa kaɗan a kewaye a bar shi ya bazu da kansa. Wannan ƙwarewa ce da ake samu, amma sau da yawa sai an yi asarar saiwoyi kafin hannu ya faɗa.

Taki da gishirin ruwa

Yawancin takin zamani gishiri ne, ruwan famfo ma a wurare da yawa yana ɗauke da nasa ma'adinai, kuma saiwar okid ba ta son taruwarsu. Ɓawo ba ya riƙe taki sosai, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi ma suna cinye wani kaso na naitirojin, don haka shukar da ke cikinsa tana buƙatar taki a kai a kai, amma mai rauni, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalba. Sauƙin da ke nan shi ne sau ɗaya a wata ana iya kwarara ruwa zalla ya wanke duk abin da ya taru. Gansakuka kuwa tana kama takin ta riƙe, abin da ke rage yawan wanda za a ba ta, amma yana sa gishiri ya taru cikin sauri, kuma wankewar tana nufin jiƙa ta sharkaf, wanda shi ne ainihin abin da ake gudu. Alamar taruwar gishiri ita ce farin ɓurɓushi a saman gansakukar, da kawunan saiwoyi da suka yi baƙi suka daina tsawo da zarar sun taɓa ta. Wannan, tare da tsamin da take ƙarawa yayin da take tsufa, shi ne ya sa ake canza ta kusan duk shekara. Wanda ruwansa ke barin farin tabo a jikin butar dafa ruwa, ɓawo ya fi masa sauƙi, sai dai idan zai riƙa tara ruwan sama. Ruwan da aka tausasa da na'ura mai amfani da gishiri kuwa bai dace da ko ɗayansu ba.

Akwai wata al'ada ta ɗora ƙanƙara guda uku a kan tukunya duk mako a madadin shayarwa. Binciken da aka buga a 2017 daga jami'ar jihar Ohayo da jami'ar Jojiya ya nuna cewa hakan bai rage tsawon rayuwar furanni ba, kuma a cikin ɓawo aka yi gwajin. Abin da nake ganin ya cancanci ɗauka a ciki shi ne amfanin ƙayyade ruwa ga mai yawan shayarwa. Amma ruwa kaɗan haka ba ya wanke gishiri, don haka ko mai bin wannan hanya yana buƙatar kwarara ruwa lokaci zuwa lokaci.

Ɗakin da shukar za ta zauna

Babu amsar da za ta yi daidai ba tare da an dubi ɗakin ba. Phalaenopsis tana jin daɗin zafi tsakanin digiri 18 da 29, da laimar iska ta kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, da haske mai yawa wanda ba rana ce kai tsaye ba, kamar na tagar gabas ko na bayan siririn labule. Inda iska ta bushe ƙwarai, ko dai saboda yanayi ko saboda na'urar sanyaya ɗaki ko ta ɗumama shi, ɓawo zalla yakan bushe cikin kwana biyu, kuma mutum kaɗan ne zai jure shayarwa sau uku a mako tsawon shekara. A irin wannan ɗaki gansakuka tana da hujja mai ƙarfi. Inda kuma iska ke da laima, ko ɗakin yana da sanyi da ƙarancin haske, gansakuka ba za ta bushe a kan lokaci ba, kuma haɗuwar sanyi da jiƙa ita ce hanya mafi sauri zuwa ruɓewar saiwa.

Wannan batu yana da alaƙa da sake fure, wanda shi ne burin kowane mai reno bayan furannin farko sun zube. Binciken da Blanchard da Runkle na jami'ar jihar Mishigan suka buga a 2006 ya nuna cewa zafin rana ne, fiye da na dare, ke iko da fitowar karan fure: idan zafi ya tsaya a wajen digiri 28 ko sama da haka shukar takan ci gaba da yin ganye kawai, sai an sami makonni na sassauci, wajen digiri 25 ko ƙasa, kafin karan ya ɓullo. To a daidai waɗannan makonni masu sanyi-sanyi ne shukar ke rage shan ruwa, tukunya kuma ke jinkirin bushewa. Mai ɓawo zai ɗan tsawaita tazarar shayarwa ne kawai. Mai gansakuka kuwa dole ya sake lissafinsa gaba ɗaya, domin tazarar kwana goma tana iya komawa kwana ashirin, kuma wanda ya ɗaure kansa da ranar mako ɗaya tak zai iya rasa saiwoyi a lokacin da yake murnar ganin kara.

Tukunya ma tana canza hukuncin. Ta roba wadda ake ganin cikinta, mai huda da yawa a gindi da gefe, ita ce aminiyar mai koyo, domin yana ganin launin saiwa da raɓar da ke jikin bango, kuma idan saiwoyin sun koma azurfa raɓar ta ɓace, lokacin ruwa ya yi. Da ɓawo wannan alama abin dogaro ce. Da gansakuka da aka cusa da ƙarfi, saiwoyin gefe suna iya yin azurfa alhali na tsakiya suna cikin ruwa. Tukunyar yumɓu marar fenti tana fitar da danshi ta jikinta, don haka tana gyara babban aibin gansakuka, kuma haɗin nan biyu yana aiki da kyau a hannun masu reno da yawa, amma tana ɓoye saiwoyi, suna kuma mannewa a bangonta su karye ranar canji. Ko wacce aka zaɓa, a auna ta da girman saiwoyi, ba da faɗin ganye ba. Babbar tukunya cike da gansakuka, da 'yan saiwoyi kaɗan a tsakiya, ita ce haɗi mafi muni da zan iya ambata.

Inda kowanne ya yi rinjaye

A ganina, mai fara reno wanda ke da babbar shuka mai lafiyayyun saiwoyi, a ɗaki mai matsakaicin yanayi, ya fara da matsakaicin ɓawo a tukunyar roba mai bayyana ciki. Dalilina shi ne kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Shukar da ta sha ƙishirwa a ɓawo za ta nuna a ganye, a gyara shayarwa, ta farfaɗo cikin makonni tunda saiwoyinta na nan. Wadda ta ruɓe a gansakuka kuwa sai ta sake gina saiwoyi daga farko, aikin da ke cin watanni, wani lokaci ma a rasa furen shekara guda. Kuma sabon mai reno, saboda son da yake wa shukar, ya fi saurin wuce gona da iri wajen ruwa fiye da mantawa da ita.

Amma akwai wuraren da gansakuka ba ta da abokin takara. Ƙananan ire-iren Phalaenopsis da ake sayarwa a 'yan mitsi-mitsin tukwane suna bushewa da sauri ƙwarai, ɓawo ba ya riƙe musu komai. Haka ɗan tsiron da wani lokaci ke fitowa a jikin karan fure, idan saiwoyinsa sun kai 'yan santimita aka cire shi, a gansakuka ya fi saurin kamawa. Shukar da ta rasa kusan duk saiwoyinta ma, ɗora gindinta a kan gansakuka mai ɗan danshi, ba jiƙaƙƙiya ba, shi ne ke ba ta laimar da za ta fitar da sabbi. Sai kuma mai yawan tafiya, wanda ya san makonni biyu za su wuce bai taɓa tukunya ba. Shi halinsa ya riga ya yi masa zaɓi. Sharaɗin a duk waɗannan shi ne a jiƙa gansakukar, a matse ta, a warware zaren, a saka ta sakwa-sakwa ta yadda idan an danna za ta dawo.

Tsakanin biyun akwai haɗi, kuma shi ne mafita ga ɗaki mai bushewa: ɓawo kashi uku, yankakkiyar gansakuka kashi ɗaya, wasu su ƙara gawayi ko farin dutsen falayit domin iska. Yana aiki matuƙar an gauraya su sosai, domin dunƙulen gansakuka a gefe ɗaya yana haifar da wuri mai jiƙa a cikin tukunyar da sauranta ya bushe. A kuma tuna cewa haɗin yana tsufa ne da saurin wanda ya fi saurin lalacewa a cikinsa. Wata dabara mai sauƙi ita ce ɓawo zalla a ciki, da siririn shimfiɗin gansakuka a sama nesa da wuyan shukar. Gutsattsarin ɓawon kwakwa suna tsakanin biyun wajen riƙe ruwa, sai dai sukan zo da gishiri, sai an jiƙa an wanke sau da yawa. Ƙwallayen gasasshen yumɓu ba sa ruɓewa, amma tsarinsu na shayarwa da taki dabam ne, ba da su ya kamata a fara ba.

Ƙananan bambance-bambance sun rage. Gansakuka mai yawan jiƙa tana jawo ƙananan baƙaƙen ƙudaje da koren tabo a sama, tsohon ɓawo kuma yana ɓoye 'yan dodon koɗi masu cin kan saiwa. Ɓawo ragowar aikin katako ne, gansakuka kuwa daga fadama ake girbe ta kuma tana ɗaukar shekaru kafin ta sake tsirowa. Ta fuskar lafiya, an san sfagnum da ɗaukar wata ƙwayar cutar fata mai shiga ta rauni, har an sami ɓarkewarta a Amurka a 1988 tsakanin masu aiki da 'yan itatuwan da aka naɗe da shi. Abin ba ya yawan faruwa, amma safar hannu ta isa kariya.

Idan an yanke shawarar canzawa

Shukar da aka sayo tana fure a cikin gansakuka ba sai an yi gaggawar tumɓuke ta ba. Idan saiwoyin da ake gani suna da ƙarfi, a bar ta ta gama furenta, wanda kan kai wata biyu zuwa uku, ana shayar da ita da awo, ana kuma zubar da duk ruwan da ya taru a tukunyar ado. Abin da ke wajabta canji nan take shi ne wari, ko saiwoyi masu laushi, ko ganyen ƙasa da ke yin rawaya ɗaya bayan ɗaya. Lokaci mafi dacewa kuwa shi ne bayan fure, sa'ad da sabbin kawunan saiwa masu ƙyalli suka fara leƙowa daga gindi, domin saiwa tana sabawa da yanayin da ta tsiro a ciki, kuma tsofaffin da suka girma a gansakuka ba duka za su ji daɗin ɓawo ba. Sabbin ne za su ɗauki nauyin shukar.

A jiƙa tukunyar tukuna domin saiwoyin su yi laushin lanƙwasa, sannan a zare shukar a tsince tsohuwar gansakuka zare-zare, musamman a ƙarƙashin gindi, inda sau da yawa akan tarar da wani ƙaramin dunƙule mai tauri da aka rene ta a ciki tun tana jaririya, wanda ke zama jiƙe ko da an kewaye shi da ɓawo. A yanke duk saiwar da ta zama fanko ko ta yi laushi da almakashin da aka goge da sifirit, amma kada a taɓa fara ko mai launin rawaya matuƙar tana da tauri, domin rashin haske ne kawai ya hana ta yin kore. Saiwoyin da suka saba zama a iska a waje, a bar su a waje. A riƙe shukar ta yadda wuyanta zai tsaya daidai da saman ɓawon, a zuba gutsattsarin ana bubbuga gefen tukunya har su cike ramuka, a kuma kafa ɗan sanda idan tana rawa, tunda saiwar da ke motsi ba ta kamawa. A makonni shida na farko ɓawon zai riƙa bushewa da sauri, don haka a dubi launin saiwa duk bayan kwana biyu ko uku maimakon jiran ranar mako, a jinkirta taki har sai an ga sabon tsawo, kuma duk lokacin da ruwa ya shiga ƙoƙon tsakiya inda sabon ganye ke fitowa, a tsane shi da takarda mai laushi kafin dare.